Babi na Huɗu: Kayan Yanzu Ne Ba Su da Ƙarko, ko Riƙon Ne Ba Mu Iya Ba?

Duk majalisar da aka ɗauko zancen firiji da fanka da talabijin, sai an sami wanda zai rantse cewa kayan da sun fi na yanzu ƙarko. Zai kawo misali da firijin gidan kakarsa da aka saya tun zamanin Shagari, har gobe yana ƙanƙara, alhali wanda aka yi wa ƙanwarsa jere da shi bai rufa shekara uku ba ya koma ma'ajiyar kwanuka. A gyaɗa kai, a zagi masu ƙira da 'yan kasuwa, a watse. To amma laifin duk na kayan ne? Ko kuwa akwai wani abu a yadda muke zaune da su?

Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Kayan da ƙarfe ne mai kauri da wayar jan ƙarfe, kuma babu wani abu mai laushi a cikinsu. Na yanzu yawancinsu suna ɗauke da ɗan allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel, shi kuwa ba ya jure wargin wuta ko kaɗan. Sai dai mai yabon firijin kaka ya manta abu biyu. Na farko, wanda ya tsira yake gani. Dubban sa'o'insa sun daɗe da tafiya hannun 'yan jari-bola, babu mai tuna su. Na biyu, wutar da wannan tsohon ke sha a wata ta ninka ta sabo, abin da mai mitar kati ya fi kowa sani.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe a wannan babi guda ɗaya ne. Idan aka bi diddigin mutuwar na'urorin gidajenmu, mafi yawansu zafi ne ajalinsu. Raunin wuta, ƙura, lodin da ya wuce kima, sakakken soket, duk hanyoyi ne daban-daban da ke ɓullewa wuri guda: wani abu a cikin na'urar ya ɗauki zafin da ba a ƙera shi don ya ɗauka ba.

Abin da ke ƙonewa a ciki

Firiji da fanka da iyakwandishan da injin wanki da bilanda, dukkansu suna da inji mai juyawa a ciki, wato moto. A cikin moton akwai siririyar waya da aka nannaɗe ɗaruruwan zagaye, koyil ke nan. Kowane zagaye yana jingine da ɗan'uwansa, abin da ya hana su haɗuwa kawai wani ɗan shafe ne mai kama da fenti da aka lulluɓe wayar da shi. Ran da shafen nan ya gasu ya farfashe, wayoyi suka taɓa juna, sai ka ji ƙauri, mai gyara ya ce koyil ya ƙone, sai dai a yi riwayin ko a sayi sabo.

Injiniyoyi suna da wani tsohon lissafi a kan wannan: duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka tsara wa koyil yana rage kwanan shafen da kusan rabi. Ma'ana moton da ya kamata ya yi shekara goma sha biyu zai iya tsayawa a shida, ko ma uku, ba tare da ya taɓa yin tartsatsi ko hayaƙi ba. A hankali yake dahuwa. Shi ya sa mai gida ke cewa "lafiya lau muka kwana da shi", alhali ya yi shekara yana ciwo.

Wutar da ba ta cika ba

A Najeriya ƙa'idar wutar gida bolt 230 ce, a Nijar 220. Amma duk wanda ke zaune a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta ya san cewa da magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa, abin da ke isowa gidan da ke ƙarshen layi yakan gaza haka nesa ba kusa ba. Shi ne ake cewa an kawo lo-karan. NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, aka raba harkar rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya a 2013, yara kuma ba su fasa ihun "NEPA!" ba, raunin wutar ma bai fasa ziyartar unguwanni da yawa ba.

Mutane da dama suna ɗauka wuta mai rauni ba ta ɓarna, mai ƙarfi ce abin tsoro. Ga dutsen guga da butar dafa ruwa haka ne: za su yi jinkirin zafi, shi ke nan. Ga duk abin da ke da moto kuwa, akasin haka ne.

Dubi ɗan garuwa da kurarsa cike da jarkoki. Inda ya fi shan wuya shi ne tashin farko, kafin tayoyi su motsa. Da ta mirgina, turin ya yi sauƙi. Haka kwamfiresan firiji, wato moton da ke matse gas ɗinsa, yake: a daƙiƙar da zai tashi yakan ja wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ja in ya kama tafiya. To a ce ɗan garuwan nan bai karya ba, ga kura a gindin tudu. Zai dage, ya yi nishi, gumi ya keto, kura ba ta gusa ba. Ƙarfin bai tafi a banza ba, a jikinsa ya ƙare. Idan wuta ta sauko daga 230 zuwa 160, ƙarfin da moto ke tashi da shi yakan ragu da kusan rabi. Sai ya tsaya cak yana gurnani, yana zuƙar wuta mai yawa, duk tana komawa zafi a cikin koyil.

Akwai ɗan abin kariya a jikin kwamfiresa da ake kira obalod, wanda ke yanke wutar in zafi ya yi yawa. Shi ne ke yin ƙarar nan ta "ƙyas" da ake ji a bayan firiji: gurnani na 'yan daƙiƙu, ƙyas, shiru, bayan minti biyu ko uku a sake. Duk wanda ya ji wannan, ya tashi ya zare fulogi nan take. Obalod ɗin ba zai yi ta ceto har abada ba.

A da, ƙwan fitila mai zare shi ke tona asirin wuta: in ya yi ja ya dushe, kowa ya san a kashe firiji. Ƙwayayen zamani farare masu tsimin wuta ba sa nuna haka, haskensu kusan ɗaya ne ko wutar ta cika ko ba ta cika ba. Don haka gida na buƙatar ɗan ma'aunin nan mai nuna lamba da ake soka wa a soket. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma a ganina ya fi wasu kayan ƙawa da ake cika falo da su amfani.

Ita ma wutar da ta wuce kima tana nan. Idan wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a kan layi, gidan da ya saba samun 230 zai iya ganin abin da ya doshi 400. Fanka ta haukace da gudu, ƙwai ya fashe, caja ta yi hayaƙi. A irin wannan hali ba a bin na'urori ɗaya bayan ɗaya. Babban makunnin gida ake nufa a sauke shi.

Minti biyar bayan an kawo wuta

Lokacin da kwamfiresa ke aiki, yana matse gas a gefe ɗaya na bututun, ɗaya gefen kuma matsin ya yi ƙasa. In aka ɗauke wuta, sai an ɗauki kamar minti uku zuwa biyar kafin matsin ɓangarorin biyu ya daidaita. Idan wuta ta dawo kafin nan, kwamfiresa zai yi yunƙurin tashi alhali gas ya tokare shi. Wannan ɗauke-kawo da ake yi cikin minti ɗaya, ko sauyawa daga janareta zuwa wutar gari da hanzari, yana cikin manyan masu kashe firiji da iyakwandishan a ƙasarmu.

Maganin ba shi da tsada. In an ɗauke wuta, a kashe soket ɗin firiji. In an kawo, a bari ta zauna minti biyar kafin a kunna. Da yake ba kullum ake gida ba, kuma ba wanda zai riƙa tashi ƙarfe biyun dare, akwai ɗan akwatin kariya da ake sakawa tsakanin soket da fulogin firiji. Yana yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuma yana jinkirta 'yan mintuna kafin ya sake ta.

Sitabilaiza aikinta daban: tana ɗaga wuta mai rauni, ta sauke mai yawa. Amma a lura da abu uku. Kowace tana da iyakar raunin da za ta iya ɗagawa, an rubuta a jikinta. Sannan lambar da aka buga mata, 1000 ko 2000 ko 5000, ƙarfinta ne a lokacin da wutar ke da dama-dama. In wutar ta yi ƙasa sosai, abin da za ta iya ɗauka yakan ragu har zuwa wajen rabi, saboda haka a sayi wadda ta ɗara buƙata. Na uku, akasarinsu suna da maɓallin jinkiri da aka rubuta wa Delay, wanda mutane ke kashewa saboda gajen haƙuri. Ga firiji, a bar shi a kunne. Dutsen guga da hita kuwa ba su da abin yi a kan sitabilaiza, ƙona ta kawai za su yi.

Wanda ɗan'uwa ya aiko wa kaya daga waje ya duba takardar da ke manne a jikinsu kafin ya soka. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100. Abin da aka rubuta wa 100–240V, irin cajar waya da kwamfuta da talabijin da yawa, ba shi da matsala. Wanda aka rubuta wa 120V kaɗai, soka shi kai tsaye sallama ce da shi.

Harafin da ba a dubawa

Firiji ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin da ke cikin abinci da ruwa yake kwasowa ya zubar a waje, ta baƙar ragar nan da ke bayansa, ko ta bangon gefensa a ƙirar zamani, dalilin da ya sa za ka taɓa gefen ka ji ɗumi. In iskar da ke kewaye da shi ta yi zafi da yawa, ko ba ta motsi, ba shi da inda zai sauke kayansa. Sai kwamfiresa ya yi ta aiki babu hutu.

A takardar da ke manne a bayan firiji ko a cikinsa akwai harafin da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N an yi su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST yana kaiwa 38. T yana kaiwa 43. Yanzu a tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin rana ke haura digiri 40, a ƙara da kicin mai rufin kwano. Firijin da aka yi wa ɗakin girkin Jamus ko Holan, ya gama shekarunsa a can, aka loda shi a kwantena ya sauka Legas, ya bi ta kasuwar Alaba ya iso Arewa a matsayin ɗan Beljiyam, in harafinsa N ne, tun ranar farko aikin da ya fi ƙarfinsa aka ba shi. Gana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013, babban dalilinta shi ne yawan wutar da suke sha. Ban ce duk na hannu ba shi da kyau ba, akwai nagari a ciki, kuma aljihu shi ke yanke hukunci. Amma sabo ne ko tsoho, a nemi T, in babu a nemi ST. Araha ba ta ado.

Inda aka ajiye shi ma rabin magana ne. A bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango, baya da gefe. Kada ya yi maƙwabtaka da murhun gas ko risho, kada ya tsaya inda ranar yamma ke faɗowa ta taga. Sai kuma wata al'ada ta ɗakunan amare: a bar ledar kamfani a jikin firiji shekara guda don kada ya ƙoƙe, a lulluɓe shi da leshi, a jera kuloli a kai har su toshe bayansa. Kyau dai ya yi kyau. Amma ta jikin nan da aka naɗe yake fitar da zafi.

Tun da an ambaci jere: firijin da aka ɗauko a akori-kura, musamman in kwantar da shi aka yi, man da ke cikin kwamfiresa yakan gangara cikin bututu. A tsayar da shi a bar shi wasu awanni, in ya yi tafiya a kwance a ba shi yini da kwana, kafin a kunna. 'Yan jere su yi haƙuri da ruwan randa a ranar.

Wuƙa, ƙanƙara da zancen gas

Ga uwargidan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, musamman in azumi ya faɗo a bazara, firiza ita ce jari. Kuma a nan ne aka fi yi mata illa, don ana sauri. Zoɓon da bai huce ba in aka ɗura shi aka jera, duk zafin nan kwamfiresa ne zai kwashe shi. A bari ya huce a inuwa tukuna, iska ta yi aikin kyauta.

Ƙanƙarar da ke taruwa a bangon ciki ba alamar ƙarfi ba ce, shinge ce tsakanin sanyi da kayan da aka saka. In kaurinta ya kai rabin santimita, lokacin narkarwa ya yi. A zare fulogi, a kwashe kaya, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, a jira. Kada a kusance ta da wuƙa ko sukundireba. Bangon nan siririn alminiyam ne, gas na bi ta cikinsa ko ta bayansa kaɗan. Tsini ɗaya, sai ka ji "fuuu", gas ya tafi. Abin bai tsaya nan ba: ruwan ƙanƙarar da ke narkewa yakan shiga ta hujin ya gauraya da man kwamfiresa, gyaran da zai riƙe bayan haka sai an dace. Ƙari a kan haka, firiji da yawa na yanzu suna amfani da gas mai lamba R600a, wanda ke kama wuta.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, wai gas ɗin firiji ya ƙare, a je a ƙara. Gas ɗin firiji ba irin na girki ba ne, ba a ƙona shi. A rufe yake yana zagaye cikin bututu, zai iya shekara ashirin bai ragu ba. In ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya. Mai gyaran da ya ɗura sabo bai nemo hujin ya toshe ba, bai kuma zuƙe iska da danshin da suka shiga ba, ya sayar maka da sanyin 'yan makonni ne. Kuma kowane kwamfiresa da irin gas ɗinsa da irin mansa, an rubuta a jikinsa: R134a ne ko R600a. Tsofaffi sosai suna da R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga sararin samaniya. Ba a cakuɗa su.

Sau da yawa ma ba gas ba ne, robar ƙofa ce. A gwada: a sa takarda a bakin ƙofar a rufe, a ja. In ta zare salin-alin ba tare da turjiya ba, iska mai zafi na shiga ta nan dare da rana. Sukarin lemo da zoɓo da ke zuba a kan robar shi ke sa ta danƙo har ta yage, don haka a riƙa goge ta da ruwan ɗumi da sabulu.

In an ɗauke wuta, a rage buɗe-buɗe. Firizar da ke cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta har wajen kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, firiji kuwa kamar awa huɗu. Wadda ba ta cika ba, a cike gurbin da robobin ruwa.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga ko'ina, har cikin akwatin da aka kulle. Ƙurar da ta kwanta a kan raga ko fanel tana hana zafi fita. Kuma da hunturu ya wuce bazara ke shigowa, wato na'ura na fuskantar mafi tsananin zafin shekara a lokacin da ta fi toshewa. Saboda haka ƙarshen Fabrairu shi ne lokacin babbar shara: a ja firiji a goge ragar bayansa da busasshen buroshi, a kira mai gyara ya wanke akwatin iyakwandishan na waje.

Ragar tace iska ta akwatin ciki kuwa ba ta buƙatar mai gyara. A ɗaga murfin, a zare ta, a wanke da ruwa, a bari ta bushe, a mayar. Lokacin ƙura duk mako biyu. Game da lamba, sa iyakwandishan a 16 ba ya sa yawancinsu saurin sanyaya ɗaki. Abin da yake yi shi ne hana kwamfiresa hutawa, don ɗakin ba zai taɓa kaiwa 16 a watan Afrilu ba. 24 ko 25 tare da fanka ya wadatar.

Fanka ita ce marainiyar gida, ba a tuna ta sai ta tsaya. Idan ta rage gudu, ko sai an tura fiffikenta da sanda kafin ta tashi, galibi kafasito ne ya gaji, ɗan ƙaramin abu mai araha da ake canzawa cikin minti goma. In aka bar ta tana gurnani ba ta juyawa, koyil ne zai biya. Ta tsaye kuma takan so ɗigon mai a gindin sandar da ke juya fiffike. Man keken ɗinki ake sawa. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, su kama ƙura, su riƙe sandar gam.

Talabijin da dikoda suna da 'yan ramuka a baya ko a sama, ta nan zafi ke fita. A rufe su da ƙyalle in an kashe, a yaye in an kunna. Ɗumin cikinsu kuma yana kiran kyankyasai da tsaka, ɓera kuma ya fi son wayar bayan firiji da ta injin wanki. Fanel da yawa ƙwaro ne ya haɗa musu waya. In damina ta faɗi ana tsawa, kashe makunni bai isa ba. A zare fulogi, a kuma cire wayar dish ko eriya, don ta nan ma tsawa ke shigowa.

Soket ɗaya, kaya goma

Fulogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Najeriya yana da fis a ciki, mafi girmansa amfiya 13. A wutar 230, wannan kusan wat 3000 ke nan, kuma iyakar abin da soket ɗaya ko doguwar waya mai ramuka da yawa za ta ɗauka ke nan, in ta kirki ce. Ta bakin titi mai siririyar waya ba ta kusanci haka ba. Butar lantarki kaɗai takan ci wat 1500 zuwa 2200, dutsen guga 1000 zuwa 2000. Haɗa su biyu a waya ɗaya, lissafi ya riga ya ƙare. Duk abin da aikinsa zafi ne, da firiji, da iyakwandishan, kowanne ya sami soket ɗinsa na bango.

Fis ya ƙone, sai a naɗa masa waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Fulogi ya fashe, sai a soka tsirarar waya a tokare da tsinken ashana. Fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu, irin na Nijar da Turai, a buɗe masa rami da murfin biro a cusa. Duk waɗannan suna barin haɗin waya a sake, sakakken haɗi kuwa zafi yake yi. Soket ɗin da ya yi baƙi, ko yake ɗumi in an taɓa, ko yake ƙara "tsss", a canza shi a ranar. A nan ba na'ura kaɗai ake tsoron rasawa ba, gobara ake gudu.

Janareta ma haka. Ƙaramin nan mai cin fetur gauraye da baƙin mai ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba. Fitilu da fanka da talabijin ne aikinsa. Kowane iri ne, a tashe shi babu kaya a kansa, a bari muryarsa ta daidaita, sannan a ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi nauyi. In za a kashe, a sauke kaya tukuna. Mafi muni shi ne a bar shi mai ya ƙare masa yana ɗauke da kaya: wannan shaƙewa da yake yi yana sama yana ƙasa, haka wutar ke yi a cikin gida. Wanda baƙin mansa ke daban da fetur a canza masa baƙin mai bayan aikin awa 50 zuwa 100. Hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iska mai guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Ba a kunna shi a ɗaki ko zaure ko lungun da ba iska, komai ruwan sama, komai tsoron ɓarayi.

Ƙananan kayan kicin da wanki

Butar lantarki da ake dafa ruwan burtsatse a ciki takan yi farin ɓawo a gindi, wanda ke tsare zafi a jikin ƙarfen har ya ƙone. A tafasa ruwa da lemun tsami a ciki, a bari ya jiƙa, a ɗauraye. Kada a kunna ta babu ruwa. Bilanda ba injin markaɗen unguwa ba ce: waken ƙosai ko na awara sai ya jiƙu sosai, a zuba kaɗan-kaɗan da isasshen ruwa, a kunna kamar minti ɗaya a bar ta ta huta. Busasshiyar citta da gero a bar wa turmi, sai in tana da ƙaramin kofin niƙan gari. Kilo ɗin da aka rubuta a jikin injin wanki nauyin busassun kaya ne, kuma iyaka ce, ba a cusa bargo da zannuwan gado a danna da gwiwa. A lalube aljihu saboda tsaba da fil da ƙusa, a kakkaɓe yashin kayan yara, a rage omo, a bar murfin a buɗe bayan an gama don ya sha iska.

Ranar da za a kira mai gyara

Akwai abin da mai gida zai yi da hannunsa, akwai wanda ba nasa ba. Firijin da ke jan mutum in an taɓa shi ba a magance shi da ɗora shi kan katako ko cewa yara su sa silifa. Wuta na zuba a jikin ƙarfensa, kuma wayar ƙasa ta gidan ba ta aiki ko babu ita sam. Yaron da ya fito daga wanka da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba zai tuna silifa ba. A kashe shi har sai mai wayarin ya duba. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuma ba a kwance ta a gida, domin akwai abin da ke riƙe wuta mai kisa a cikinta ko bayan an zare fulogi.

Wajen zaɓen mai gyara, ni dai na fi natsuwa da wanda ya zo da mita ya auna kafin ya buɗe baki, ya tambayi yadda abin ya fara da irin wutar unguwar. Wanda tun daga bakin ƙofa ya ce kwamfiresa ne ko gas ne, a nemi ra'ayin wani, don sau da yawa rile ne mai tayar da kwamfiresa, ko obalod ko kafasito, waɗanda kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na kwamfiresa ba. In an canza wani abu, a karɓi tsohon. Rasit da katin garanti da ɗan littafin bayani kuma a haɗa su a leda ɗaya a adana, maimakon a bar su su bi kwali zuwa bola.

Gidaje da yawa yanzu sun gaji da jiran wutar gari da kuɗin fetur, sun koma sola. Wannan ya kawar da wasu matsalolin da muka tattauna, ya kuma kawo nasa. Batirin da mai shago ya yi alkawarin zai yi shekaru, me ya sa yake kasa kai wa asuba bayan bazara ɗaya? Inbata mai ƙarfin nawa ce za ta iya tayar da firiza, kuma wane ruwa ake ƙara wa batiri? Babi na biyar zai ɗauko daga nan.